Daga Fadar Yola Zuwa Kasuwar Jimeta: Tarihin Zaɓen Algaita da 'Yar'uwarta ta Turai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lamiɗon Adamawa ranar hawan Salla ya san cewa tun kafin ido ya hango lemar sarki, kunne ya riga ya ji algaita. Muryarta kan keta rugugin ganguna da haniniyar dawaki da sowar 'yan kallo, ta isa har ƙarshen dandali. Mukan tsaya muna kallon mabushin, kumatunsa a kumbure, muna mamakin yadda yake jan busa ba tare da ya dakata ya numfasa ba. Amma da wuya a sami wanda zai tambayi kansa, shin wannan algaita da ke hannun mutumin nan wa ya sassaƙa ta, wa ya zaɓa masa ita, kuma ta yaya aka gane cewa ta ƙwarai ce?

Wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan ɗan rubutu. Za mu bi sawun algaita tun daga asalinta har zuwa shigowarta ƙasar Fombina, mu dubi yadda ake mallakarta a Yola, garin sarauta, da yadda al'amarin ya sauya bayan bunƙasar Jimeta, garin kasuwa da bariki. Daga nan za mu leƙa Turai mu ga wani abin busa na danginta da ake kira basun, domin ɗalibanmu masu sha'awar ilimin kiɗa sun fara cin karo da shi a littattafai da intanet. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, abin busa mai haki ba haja ba ce da ido ke saye. Tun fil azal kunnen gwani ne ke zaɓensa, kuma duk inda aka rasa gwanin da zai tsaya tsakanin mai ƙira da mai koyo, to yawan kuɗi ba ya hana a yi zaɓen tumun dare.

Asalin Algaita da Danginta

Sunan kansa ya isa shaida a kan asalinta. Kalmar algaita daga Larabcin ƙasashen Magrib aka aro ta, inda har yau ake busa wani abu da ake kira gaiɗa a Maroko da Aljeriya. Bahaushe ya haɗe kalmar da "al" ɗin Larabci, kamar dai yadda ya yi wa alƙalami da albasa da aljihu. Ita kuwa gaiɗa tana da dangi da yawa a duniya. A Turkiyya akwai zurna, wadda makaɗan sojan Daular Usmaniyya suka shahara da ita, a Masar akwai mizmar, a Indiya akwai shahnai, a ƙasar Sin kuma akwai suwona. Dukkansu ƙira ɗaya ce, watau bututun ice mai siririn kai da faffaɗan baki, da kuma ɗan haki mai leɓe biyu wanda ke karkarwa idan iska ta ratsa shi. Cuɗanyar Turawa da Musulmi a Andalus da Gabas ta Tsakiya ta sa irin wannan abin busa ya yaɗu a Turai, kuma daga zuriyarsa ne aka sami obo da basun na yau.

Masana tarihin kiɗa sun tafi a kan cewa ta hanyoyin hamada algaita ta gangaro ƙasashenmu. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin nan ita ce wadda ta taso daga Tarabulus, ta ratsa Fazzan da Bilma, ta faɗa Barno. Ta nan ne dawaki da littattafai da tufafi suka riƙa shigowa, kuma a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya ƙulla hulɗa da Daular Usmaniyya har ya sami 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa. A ƙasar Hausa ma tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa wa sarki kakaki. Ke nan tun da daɗewa busa ta zama alamar mulki a wannan yanki. A shekarar 1823, lokacin da Baturen Ingila Dixon Denham ya raka wata runduna daga Barno zuwa Mandara, ya ba da labarin mabusa da masu dogayen ƙahonni da ke tafe gaban sarkin ƙasar. Mandara kuwa maƙwabciyar Fombina ce ta arewa.

Shigowar Algaita Ƙasar Fombina

Wani abin lura shi ne, daular da ta kafa Yola ba da son bushe-bushe ta fara ba. A cikin Kitabul Farƙi, littafin da ake jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba gaira ba dalili cikin halayen sarakunan da aka yi jihadi a kansu, sai dai an yarda a buga ganga don wata bukata kamar tara runduna ko sanar da tashinta. Ƙanensa Malam Abdullahi shi ma ya koka ƙwarai da ya ga wasu jagororin jama'a sun fara komawa ga irin waɗannan al'adu tun ba a je ko'ina ba. Modibbo Adama, wanda ya yi karatu a Barno, ya karɓi tuta daga hannun Shehu a 1809, aka ɗora masa shugabancin Fombina, watau ƙasar kudu da Fulatanci. Malami ne, kuma har ya rasu sunan Modibbo ya fi so a kira shi da shi.

Ya zauna a Gurin, sannan Ribaɗu, kafin a 1841 ya kafa Yola a kan wani tudu kusa da fadamar Kogin Binuwai. Sunan garin ma daga kalmar Fulatanci ta "yoolde" ya samo asali, wadda ke nufin tudu. Bayan rasuwarsa a 1847 ɗansa Lawal ya gaje shi, kuma a hankali sansanin malamai da mayaƙa ya rikiɗe ya zama fada. Fada kuwa tana bukatar tsari, shi ya sa aka ari sarautu irin su Galadima da Kaigama da Yarima daga Barno da ƙasar Hausa. Inda duk aka ari sarauta, to da wuya a bar kayan adonta a baya, kuma busa na cikin manyan kayan adon sarauta.

Hanyar da ta haɗa Yola da Barno a buɗe take a wancan zamani. Ta ita ce Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Yola daga Kukawa a watan Yuni na 1851. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya wuce 'yan kwanaki ba, saboda ya zo da 'yan rakiya da wasiƙu daga Shehun Barno a lokacin da ake jayayya kan iyaka. Fatake Hausawa da Barebari sun riƙa bin waɗannan hanyoyi suna neman hauren giwa da bayi, suka kafa unguwanni a manyan garuruwan Fombina, kuma tare da su masu sana'a suka zo, maƙera da dukawa da marina da makaɗa. Binciken da Veit Erlmann ya yi a kan kiɗan Fulanin arewacin Kamaru ya nuna cewa yawancin kayan kiɗan fada da masu kaɗa su daga Hausawa da Barebari suka samo asali. Fulani na kiran maroƙan fada wambaaɓe, tilonsu bambaaɗo, kuma daga nan Hausa ta sami kalmar bambaɗawa.

Bai kamata mu manta ba cewa Fombina ta wancan lokaci ta haɗa da Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo da Rai Buba. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ce ta bar Yola a ɓangaren Ingilishi, ta yanke mafi yawan ƙasar ta ba Jamusawa. Amma iyakar Turawa ba ta raba busa ba, domin har gobe algaita da dogon ƙaho da ganga su ne kiɗan hawa a fadojin lamiɓe na Kamaru, kamar yadda suke a Yola.

Sana'o'i Uku da Haki Ɗaya

Kafin mu fahimci yadda ake zaɓen algaita, dole mu san yadda ake haɗa ta, domin ba aikin mutum ɗaya ba ce. Masassaƙi ne ke fara aiki. Shi ke sassaƙa gangar jikin daga busasshen ice, ya rarake cikinta yadda ramin zai fara siriri daga sama ya riƙa faɗaɗa har ya buɗe kamar mazurari, sannan ya huda ƙofofin yatsu, waɗanda galibi huɗu ne. Daga nan sai maƙeri ya ƙera siririn bututun ƙarfe, yawanci na tagulla, wanda ake cusawa a kan icen, tare da wani ɗan faifai mai kamar kwabo wanda leɓɓan mabushi ke dannawa. Na uku shi ne baduku, wanda ke lulluɓe icen da fata ya ɗinke. Mutane da yawa suna zaton fatar nan ado ce kawai, alhali tana ɗaure icen ta rage masa tsagewa, ta kuma toshe duk wata 'yar kafa da iska za ta iya zurarewa.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowane ƙanƙanta, shi ne hakin da ake sanyawa a kan bututun ƙarfen. Ɗan guntun karan ciyawa ne da ake matse bakinsa ya zama leɓe biyu, kuma mabushi ne da kansa ke gyara shi, ya jiƙa shi kafin ya fara aiki. Masu iya magana sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, to a wajen algaita wannan zance ba misali ba ne, zahiri ne. Komai kyan ice da ƙarfe da fata, idan haki ya bushe ko ya tsage, ko ya yi kauri fiye da kima, algaita ta zama sanda. Mabushi yakan cusa hakin gaba ɗaya cikin bakinsa, ya tara iska a kumatu, ya riƙa tura ta da naman kumatun a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci. Wannan shi ne sirrin busar da ba ta yankewa.

Akwai kuma wani al'amari da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗalibai da malaman harshe. Algaita magana take yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da faɗau, kuma mabushi yana bin hawa da saukar nan ne da tsawon gaɓoɓi ya fitar da take ko kirarin ubangidansa, yadda wanda ya saba zai ji kalmomin sarai. Saboda haka algaita ta ƙwarai ita ce wadda muryoyinta suka rabu da juna tsaf. Wadda muryoyinta suka cakuɗe tana iya cika fili da ƙara, amma ba ta faɗi komai ba.

Zaɓen Ɗan Koyo da Zaɓen Gwani

A tsarin fada, busa sana'ar gado ce, kuma tana da ƙa'ida. A mafi yawan masarautun ƙasar Hausa kakaki na sarkin yanka ne, hakimi kuwa ana iya busa masa algaita. Akwai masu sarautar busa da ke shugabantar mabusa, akwai kuma lokutan aiki sanannu, kamar hawan Salla da naɗin sarauta da kiɗan daren Juma'a da ake kira sara. Ubangida shi ke ɗaukar nauyin mabushinsa, ya ba shi riga da rawani da hatsi, wani lokaci har da doki. A irin wannan tsari, yaro ba ya zuwa kasuwa neman algaita. A gida yake tashi ya ganta, ya fara da ɗaukar wa mahaifinsa jaka, ya koyi jiƙa haki, ya yi ta hura tsohuwar da aka ajiye har kumatunsa su saba. Ranar da aka ga ya isa, uban ko maigidan ne zai sa a yi masa tasa a wurin masassaƙin da ya amince da shi, kuma shi zai fara gwada ta kafin ya miƙa masa.

Abin da ya dace da ɗan koyo daban yake da na gwani. Yaro yana bukatar algaita mara nauyi, wadda tazarar ƙofofinta ba ta fi ƙarfin yatsunsa ba, da haki mai laushi wanda ke amsawa da 'yar iska kaɗan. Idan aka ba shi mai tauri tun farko, zai saba da yunƙuri da matse maƙogwaro, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwani kuwa abin da yake nema shi ne murya mai kai wa nesa wadda ganguna ba za su danne ta ba, mai jure busa tun daga hantsi har azahar a cikin rana, wadda kuma ta dace da muryar abokan busarsa idan sun haɗu su biyu ko uku.

Mu ɗauka cewa ga wani tsohon mabushi ya kai ɗansa gaban mai sayarwa. Idon yaron zai fara sauka a kan mai jar fata da tuntaye, ya ce, "Baba, ga wata can mai kyau." Tsohon zai ce, "Ɗauko ta, ɗana. Toshe ƙofofin duka da yatsunka, ka rufe bakinta da tafin hannuna, ka hura mu ji." Idan iska ta sami wurin fita, to akwai tsaga a ƙarƙashin fatar nan mai kyau. Zai ɗaga ta sama ya leƙa ramin a hasken rana ya ga ko an rarake shi sumul. Zai girgiza bututun ƙarfen ya ji ko ya zauna daram. Zai shafa ɗinkin fatar. Bayan duk wannan sai ya ciro hakinsa na aljihu wanda ya sani, ya sanya, ya busa taken da ya fi kowane wuya. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda bai iya busa ba, ba shi da abin gwadawa.

Jimeta: Kasuwa da Bariki

Tun cikin shekarun 1880 'yan kasuwar Ingila suka fara girke jirginsu a Kogin Binuwai kusa da Yola. A lokacin da Barth ya zo, ƙyallayen farin saƙi da Fulani ke kira leppi su ne kuɗin ƙasar, amma zuwan kamfani ya fara sauya yanayin ciniki. Ranar 2 ga Satumba 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Yola da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fice, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Turawa suka kafa ofisoshinsu da barikinsu a Jimeta, bakin kogi, inda jiragen ruwa ke tsayawa da damina idan ruwa ya cika, su sauke gishiri da atamfa, su ɗauki gyaɗa da fatu. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, sannan Jihar Adamawa a 1991, yawancin ma'aikatun gwamnati a Jimeta suka zauna. Haka aka wayi gari da tagwayen garuruwa, ɗaya na rawani, ɗaya na albashi.

Wannan sauyi ya taɓa harkar busa ta fuska biyu. Ta farko, bariki ya kawo nasa kiɗan, watau begila da badujalar soja da ta 'yan sanda, daga baya makarantu da majami'u suka ɗauka. Waɗannan kayan busa daga Turai ake odarsu, hukuma ce ke saye, kuma wanda zai busa ba shi ne ke zaɓa ba. Ta biyu, kuɗin hannu ya buɗe wa mabushi ƙofofin da ba na fada ba. Attajirai da 'yan siyasa da masu biki suka zama iyayen gida, algaita ta fita daga zauren sarki ta shiga dandalin taro. Da ta zama abin neman kuɗi, sai ita ma ta zama abin sayarwa ga duk mai kuɗi.

A nan ne matsalar ta kunno kai. Kasuwa ba ta tambayar mai saye ɗan wane ne, ko wa ya koya masa. Har an sami wata irin algaita ta ado wadda ake yi don baƙi da masu rataye ta a bangon falo, fatarta na ƙyalli amma raminta a karkace. A zamaninmu kuma hoto a waya ya isa a ƙulla ciniki, a tura kuɗi, a sako kaya a mota. Magabata sun ce ba a cinikin biri a sama. Bugu da ƙari, tun daga shekarun 1990 kiɗan fiyano da na'urorin sauti suka mamaye bukukuwa, samari da yawa daga gidajen busa suka kama wasu sana'o'i. Idan mabusa suka ragu, masassaƙin da ya ƙware a ramin algaita zai koma sassaƙa turmi da kujera, domin su ne ake saye kullum.

Basun: Ɗan'uwa a Ƙasar Sanyi

Mai karatu zai yi tsammanin cewa a Turai, inda masana'antu suka ci gaba, an daɗe da wuce irin wannan dogaro da kunnen gwani. Tarihin basun ya nuna akasin haka. Shi basun shi ne mai kaurin murya a cikin dangin masu haki biyu a ƙungiyar makaɗan Turawa. An daidaita ƙirarsa ta gaɓa huɗu a Faransa cikin ƙarni na 17, kuma Mozart ya tsara masa kiɗa na musamman a 1774 yana ɗan shekara 18. Tsawon raminsa ya kai kimanin mita biyu da rabi, shi ya sa aka ninka shi biyu don hannu ya iya kaiwa. Yana da madannai fiye da 20, yana fitar da muryoyi kimanin 40 daga mafi kauri zuwa mafi siranta. A 1831 Carl Almenräder da Johann Adam Heckel suka kafa masana'anta a Biebrich ta ƙasar Jamus, kuma ƙirarsu ce ta rinjayi duniya, ko da yake Faransawa suna da tasu ta kamfanin Buffet.

Idan muka cire madannan nan, abin da ya rage algaita ce babba. Akwai gangar jiki ta wani ice na ƙasashen sanyi da ake kira mapul, akwai lanƙwasasshen bututun ƙarfe wanda gwanaye kan ɓata lokaci mai tsawo wajen zaɓensa shi kaɗai, akwai kuma haki, wanda ake yi da wani irin gora da ya shahara a kudancin Faransa. Har yau manyan mabusan basun da hannunsu suke fere hakinsu da wuƙa, kamar yadda mai algaita ke yi. Bambancin shi ne, mai basun yana riƙe hakin da leɓɓansa ne don ya sarrafa muryar ta yi taushi a cikin zaure, ita kuwa algaita an yi ta ne don fili.

Wajen saye ma hanyar ɗaya ce. Ɗalibi a can yakan fara da na aro daga makaranta ko na haya. Akwai ƙirar da aka matso da madannanta don masu ƙananan hannu. Kamfanin Fox, wanda Hugo Fox ya kafa a 1949 a Jihar Indiyana ta Amurka bayan ya bar busa wa ƙungiyar makaɗan birnin Shikago, ya shahara da yin basun na roba mai tauri don makarantu, saboda yana jure wahala. Na gwanaye kuwa na ice ne, kuma sabon Heckel yakan haura dala 30,000, sannan mai oda ya jira shekaru kafin ya karɓa. Dillalai sukan ba mai saye 'yan kwanaki ya gwada kafin ya biya, shi kuma ba ya yanke shawara sai ya kai wa malaminsa. Malamin zai duba ko madannai na rufewa ruf ba yoyon iska, ya saurari ko muryoyin sun daidaita, idan kuma na hannu ne ya buɗe gindinsa, inda ramin ya yi kwana, domin nan ruwan numfashi ke taruwa ya ruɓar da ice.

To, ɗalibin da ke zaune a Jimeta, wanda sha'awa ta ja shi ga basun, yana da ƙarin tambayoyi uku da takwaransa na Jamus ba shi da su. Ta farko ita ce yanayi. Zafin Yola a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, bushewar hunturu tana tsaga ice, damshin damina a bakin Binuwai kuma yana kumbura shi, don haka na roba ya fi masa kwanciyar hankali. Ta biyu ita ce gyara da haki, domin haki ba ya wuce 'yan makonni, kuma daga waje ake kawo shi da kuɗin ƙetare, ga shi darajar naira ta faɗi ƙwarai tun 2023. Ta uku, wadda ta fi duka, ita ce malami. Wuraren da aka kafa don koyar da kiɗan Turawa a ƙasar nan, kamar sashen kiɗa na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka da ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983, suna nesa da mu. Shawararmu ita ce ya nemi malami tukuna, malamin ya nema masa abin busa.

Kammalawa

Mun ga yadda abin busa guda ya rabu gida biyu, reshe ɗaya ya keto hamada ya sauka a fadojin Barno da Hausa da Fombina, ɗayan ya haura Turai ya sami madannai da masana'antu. Mun kuma ga cewa a Yola da Biebrich duka, abin da mai saye ke biya wa kuɗi shi ne sanin mutane da yawa da aka tara a cikin guntun ice, kuma sai wanda ya gaji wani abu daga wannan sani ne ke iya tantance shi. Turawa sun rubuta nasu, sun auna, sun buɗe makarantu, ta yadda ko masana'anta ta ƙone za a iya sake ta daga takarda. Namu yana cikin ƙirazan dattawa da tafin hannunsu.

A nan ne aikin ya faɗo a kanmu. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero ya girmama wannan abin busa har ya raɗa wa mujallarsa suna Algaita. A 1971 David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, wanda yawancinsa daga Zazzau da Katsina suka tattaro. Yola ta cancanci irin wannan hidima daga 'ya'yanta, musamman da yake a nan harsuna uku ne suka haɗu a kan algaita ɗaya. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin kammala karatu da su ɗauki alƙalami da na'urar naɗar murya, su yi sallama a gidajen mabusa na cikin Yola da kewayenta, su durƙusa su gaishe su. Su tambayi sunan kowane sashe na algaita da Hausa da Fulatanci da Barbarci, da icen da ake sara, da fadamar da ake yankan haki da lokacin yankansa, da masassaƙin da ake kai wa aiki. Su naɗi take da kirari tare da kalmominsu daga bakin masu su. Tafiyar ba ta fi kuɗin Keke Napep daga Jimeta zuwa Yola ba, kuma dattawan da za su amsa waɗannan tambayoyi suna nan da ransu a yau.